Doki, keke da mai tafiya a ƙasa: wa zai ba wa hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Boulder, jihar Kolorado ta Amurka, kuma nakan hau keke a turbar Doudy Draw da ke gindin duwatsu. Rannan na gangaro wajen ƙorama na haɗu da wata mata a kan doki, ya zabura, ta yi min faɗa. Ko taɓa shi ban yi ba. Ina laifina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matar nan tana da gaskiya, kuma Allah ya kiyaye da bai kayar da ita ba. A irin waɗannan turbobi na Amurka ƙa'idar a fili take, har allo mai kusurwa uku ake kafawa: mai keke ya ba kowa hanya, mai tafiya a ƙasa ya ba doki.

Dalilin yana jikin dokin. Ka san dokin hawan Sallah an saba masa da kalangu da ƙarar bindiga tun yana ƙarami, shi ya sa yake ratsa taro bai damu ba. Asalin halin kowane doki kuwa gudu ne, domin dabba ce da ake farauta. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan ko'ina, sai dai bayansa daidai wutsiya da ɗan wurin da ke gaban hancinsa. Kai kuma ka zo da sauri, ba sallama, ka sunkuya da hular kwano, ƙarar ruwa ta rufe motsin tayarka. Bai ga mutum ba, abin tsoro ya gani. Dabba mai nauyin kilo 450 in ta yi tutsu a kan duwatsu, linzami ba ya riƙe ta.

Da ka hango doki, taka birki tun daga nesa, ka sauka, ka yi magana. Gaisuwa kaɗai ta isa, muryar mutum ce ke kwantar masa da hankali. Kada ka kaɗa ƙararrawa a kusa da shi. Ka koma gefen gangare, ba gefen tudu ba, saboda abin da ke samansa shi ya fi firgita shi, kuma kada ka laɓe bayan itace. Dubi kunnuwansa: in ya kwantar da su baya, ƙara ja da baya. Idan ta bayansa ka taho, kira mahayin ka jira izini, ka ba da tazara don gudun harbi.

Tsakanin ku masu keke, mai gangarowa ne ke tsaya wa mai hawan tudu. Bayan ruwa ko narkewar ƙanƙara, hukumar birnin takan rufe wasu turbobin saboda caɓi, don haka duba shafinta kafin ka fito.