Tambayoyinku: Ɗalibin Jami'a, Ƙuncin Rai da Saurin Fushi

Wata uwa daga Unguwar Rogo, Jos: Assalamu alaikum. Ɗana yana aji uku a jami'a. Da can yaro ne mai sanyin hali, amma tun da ya faɗi darussa biyu aka ce zai ƙara shekara, ya koma kamar an canza shi. Ƙannensa ba su isa su yi masa magana ba, makon jiya har ya mari ɗaya saboda cajar waya. Maƙwabta sun ce in kai shi a yi masa ruƙiyya. Me ke damunsa?

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya shirya mana zuri'a. Addu'a ba ta hana a binciki dalili, kuma ruwa ba ya tsami banza. Abin da kika bayyana masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da saninsa. Tun a 1939 wasu masu bincike a Jami'ar Yale da ke Amurka suka nuna cewa idan aka tare wa mutum hanyar abin da ya sa a gaba, yakan koma ga faɗa. A 1989 Leonard Berkowitz ya gyara maganar: ɓacin ran da tarewar ta haifar shi ne ke tunzura mutum, kuma zafi, yunwa, ciwo ko rashin barci duk suna iya yin wannan aikin. Ɗanki ba shi da yadda zai yi da malamin da ya kayar da shi, bai isa ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba, sai ya huce haushinsa a kan wanda ba zai iya ramawa ba. Cajar waya hanzari ce kawai.

Ki tuna kuma ɗaliban wannan zamani sun sha jira. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wanda ya tashi yana ganin yayyensa na zaman gida wata da watanni, aka kuma ce masa ya ƙara shekara, gani yake rayuwa ta tsaya masa alhali sa'o'insa sun yi gaba.

Abu uku za ki sa wa ido na tsawon mako biyu. Na farko barcinsa: matashi na buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma mai kwana a kan waya har asuba ba ya iya riƙe fushinsa da rana. Na biyu ƙwaya. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma bai ɓace ba, tiramol ma yana nan. Ki lura da rama, jan ido, yawan tambayar kuɗi ba dalili, da sababbin abokan da ba ya son ki gani. Na uku, ko ya daina abin da yake so a da, kamar ƙwallo ko hira da abokai, yana kulle kansa a ɗaki. Ciwon damuwa a wurin samari ba kullum yake zuwa da kuka ba, sau da yawa da tsawa yake zuwa. In kin ga haka, ku je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ɗauki makami, ranar za a kai shi, ba sai an jira ba.

Wajen yi masa magana, kada ki tare shi yana cikin fushi, kada kuma a gaban ƙannensa. Ki bari bayan isha'i, ku biyu kawai, ki fara da shekarar da ya rasa kafin ki zo kan marin. Amma ki zo kansa, domin dole ya ba ƙaninsa haƙuri.

Wani ɗalibi mai zama a hostal, Naraguta: Mu shida ne a ɗaki. Abu kaɗan, kamar a taɓa mini bokitin ruwa, sai in ji jikina na rawa. Sau biyu ina cin kwalar abokin zamana. Wani ya ce in riƙa naushin filo har in huce. Shin haka ne? Kuma akwai yadda zan auna ko matsalar daga ni take?

Ƙanenmu, ka bar filon nan ya huta. An gwada wannan shawara: a 2002 wani mai bincike, Brad Bushman, ya sa mutanen da aka ɓata wa rai suna naushin jakar dambe suna tuna wanda ya ɓata musu, sai suka fito sun fi waɗanda suka zauna shiru fushi. Naushi koya wa hannu naushi yake yi.

Game da awo, akwai ma'aunin gamsuwa da rayuwa da Ed Diener da abokan aikinsa suka fitar a 1985. Jimla biyar ne, ga ma'anarsu: rayuwata ta yi kusa da yadda nake fata, yanayin da nake ciki mai kyau ne ƙwarai, na gamsu da rayuwata, zuwa yanzu na samu muhimman abubuwan da nake nema, da za a maimaita mini rayuwata, kusan babu abin da zan canza. Ka ba kowace maki daga 1, wato sam ban yarda ba, zuwa 7, wato na yarda ƙwarai. In ka tara za ka samu tsakanin 5 da 35. Maki 20 shi ne tsakiya, 15 zuwa 19 akwai ɗan ƙorafi, ƙasa da 15 kuwa akwai abin da ke cin ka. Inda ake kuskure shi ne cikawa ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ko ranar da aljihu ya bushe. Ka cika yau, ka sake bayan wata guda, ka kwatanta. Kuma ba hukuncin likita ba ne.

Shi ma faɗa ba iri ɗaya ba ne. Ma'aunin faɗa da masu bincike Buss da Perry suka fitar a 1992, mai tambaya 29, ya kasa shi huɗu: na hannu, na baki, zafin zuciya, da gaba, wato riƙo da zargin cewa kowa na nufinka da sharri. A ganinmu wannan na ƙarshe ya fi kusa da rashin gamsuwa da rayuwa, domin mai ganin duniya ta cuce shi, ko bokitinsa aka matsar don a samu wurin sallah sai ya ce raini ne. Abin kuma zagaye yake yi: ƙunci ya kawo faɗa, faɗa ya kori abokai, kaɗaici ya ƙara ƙunci.

Rawar jikin da kake ji ita ce ƙararrawarka. Da ka ji ta, ka yi shiru, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, sau goma. Hadisi ya zo cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Sannan ka fita daga ɗakin na minti 20 aƙalla, ka taka a hankali, kada ka tafi kana tsara abin da za ka faɗa in ka dawo, domin wannan hura wuta ne. Ka riƙa rubuta lokacin da abin ya taso da abin da ka ci a ranar. Da yawa sukan gano cewa da yamma ne, bayan wuni babu komai a ciki sai shayi. Batun bokiti da hita da kashe fitila kuma, ku shida ku zauna ku yanke ƙa'ida ranar da kowa ke cikin raha.

Wata ɗaliba daga Farin Gada: Duk wannan ba talauci ne ya kawo shi ba?

Yana da hannu, 'yar'uwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin keke da na abinci sun matse ɗalibai, kuma wanda bai karya kumallo ba haƙurinsa gajere ne. Mai buƙata ya nemi rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ba abin kunya ba ne. Sai dai gamsuwa kwatance ce tsakanin inda kake da inda kake ganin ya kamata a ce kana, shi ya sa za ki ga ɗan mai hali da mota a makaranta yana cin zarafin mai gadi a bakin ƙofa. Ki cika jimlolin nan biyar da muka kawo a sama yau, ki gwada ajiye Instagram da TikTok awa ɗaya kafin barci na mako biyu, sannan ki sake cika su.