Amsa: Iyakokin kwarara bayan an haɗe riyakshin a samfurin da aka matse

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana aikin digirinka na biyu a nan Katsina, ka matse samfurin E. coli core, wato ƙaramin samfurin kwamfuta na riyakshin sinadarai da ke cikin ƙwayar bakteriya ta E. coli, ta hanyar haɗe wasu riyakshin don ya yi sauƙi, sai saurin girman ƙwayar ya daina ba ka 0.874 da aka sani, kana tambaya wace iyakar kwarara, wato mafi ƙanƙanta da mafi girman saurin da aka yarda riyakshin ya yi gudu da shi, za ka ba riyakshin da aka haɗe. Na daɗe ina fama da irin wannan, kuma kusan kullum matsalar guda ce: mutum bai tsaya ya tambayi kansa wane irin haɗi ya yi ba.

Haɗin iri biyu ne. Akwai riyakshin da ke bin juna, wato sinadarin da ɗaya ya samar ɗayan ne kaɗai ke cinye shi. Tunda sharaɗin shi ne S·v = 0, wato duk sinadarin da aka samar a ciki dole a cinye daidai adadinsa, kwararar kowanne ninki ce ta kwarara guda, v1 = a1·v, v2 = a2·v. A nan sai ka raba iyakokin kowanne da ninkinsa, sannan ka ɗauki mafi girma cikin iyakokin ƙasa da mafi ƙanƙanta cikin na sama. Misali A tana ba da 2B, B tana ba da C. Na farko iyakarsa 10, na biyu 12. Wanda ya yi gaggawa zai ɗauki 10, alhali na biyun yana gudu ninki biyu, don haka 12 ɗinsa 6 ce kawai. Iyakar haɗin 6.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ninki mai alamar ɗebewa. Duba riyakshin biyun nan masu bin juna, GAPD da PGK, a samfurin da ke hannunka. Su biyu ne kawai ke taɓa sinadarin 13dpg, amma an rubuta PGK ta baya, shi ya sa in ka gudanar za ka ga GAPD wajen 16, PGK kuwa wajen -16. Ninkinsu -1 ne. In ka raba da lamba mai ɗebewa, dole iyakar ƙasa da ta sama su yi musayar wuri. In ka manta da alamar gaba ɗaya, riyakshin mai tafiya gaba kawai zai koma mai tafiya baya, kuma kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba. Riyakshin PGM da ENO ma ninkinsu -1 ne. In bayan lissafi ka ga iyakokin biyu duk sifili, hanyar a toshe take, cire ta. In ta ƙasa ta ɗara ta sama, samfurin ba shi da amsa tun asali.

Iri na biyu riyakshin ne masu aiki ɗaya kafaɗa da kafaɗa, kamar enzayim biyu masu yin abu guda. Waɗannan tara iyakokinsu ake yi. Motocin da ke bin titi ɗaya mafi ƙuncin wuri ne ke ƙayyade su, amma masu shiga gari ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga jimillarsu ake ƙirgawa. Riyakshin SUCDi da FRD7 na cikin wannan rukuni, sai dai kishiyoyin juna ne: kowanne 0 zuwa 1000, haɗinsu -1000 zuwa 1000. Amma ka sani in ka haɗa su, ba za ka iya komawa ka ce ga rabon kowanne ba.

Ita kuma 1000 ɗin nan ta COBRA, manhajar da ake gudanar da samfurin da ita, ba awo ba ce, cike gurbi ce ta "babu iyaka". Ni mayar da ita nake yi marar iyaka kafin in fara, don kada rabe-rabe su mai da ita ƙaramar lamba ta shaƙe hanya.

Shawarata, kada ka bari a haɗe ATPM, riyakshin kuzarin da ƙwayar ke kashewa don ta rayu, mai iyakar ƙasa 8.39, ko ƙofar shigar gulukos mai -10, ko riyakshin girma. Dabarun matsewa irin na manhajar efmtool an gina su ne don lissafin da ba ya duba komai sai alkiblar riyakshin, ba ruwansu da 8.39. Ka ware ukun nan, ka ajiye teburin ninki na kowane haɗi, sannan ka gudanar da FVA, wato lissafin mafi ƙanƙanta da mafi girman kwararar kowane riyakshin, a samfurin asali da wanda ka matse, ka gwada. Turo teburin nan zauren in an samu saɓani, mu duba layin PGK tukuna.