Amsar Kawu kan tambayar Honda: wai da gaske cire ƙafa take?

(Muryar da Kawu ya turo zaure jiya da daddare ce na rubuta, saboda masu cewa ba su da datar saurare. Murya biyu ce, na haɗe su.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar zaure barkanmu da dare, ya gajiyar aiki? To madalla. Ku yi haƙuri da ni, idanun nan ba sa son dogon rubutu a waya, shi ya sa na danna murya.

Ɗana, na ga tambayarka tun la'asar. Ka ce an yi maka tayin Honda Accord ta 2007, wadda ake ce wa DC, ta hannu, mai fulogi huɗu, kuɗinka kuma ya kai, amma abokanka sun ce kar ka kuskura, wai Honda cire ƙafa take, gara ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi Corolla. Na kuma ga masu turo hotunan motoci a durƙushe a kan titi ana ta dariya. To ni Honda uku na riƙe a rayuwata, ɗaya ma ta taɓa durƙusawa da ni a tsakiyar titi, ka ga ba labari aka ba ni ba. Amma bari in ɗauko maka zancen daga tushe, don in ka san mai abu ka san halin abinsa.

Shi wanda ya kafa kamfanin, Soichiro Honda, ɗan maƙeri ne. An haife shi a 1906 a wani ƙauye kusa da Hamamatsu a ƙasar Japan, uban yana ƙira yana kuma gyaran kekuna. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokiyo koyon kanikanci a wani gareji mai suna Art Shokai. Kun san me aka fara sa shi? Renon jaririn maigidan. Yaran garejinmu da ke fushi in an aike su sayo abinci, su ji wannan. Shekara shida ya yi a can kafin a yaye shi ya koma gida ya buɗe reshen garejin.

Daga baya ya ce shi ma ƙera kaya zai yi, ya fara yin ringin fistin, wato zobban ƙarfen nan na cikin inji, don ya sayar wa Toyota. Eh, Toyota ɗin nan da kuke haɗa su gaba a zaure, da can ita ce mai sayen kayansa. A cikin ringi 50 da aka gwada, uku kacal suka tsallake. Mutumin nan da girmansa ya koma makarantar fasaha ya zauna cikin yara yana koyon ilimin ƙarfe, har ya gano inda yake kuskure. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, bam ya ci masana'antarsa ɗaya, girgizar ƙasa ta 1945 ta rushe ɗayar. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage, ya ɗan huta, sannan a 1946 ya samo wasu ƙananan injuna da sojoji suka bari, na ba rediyo wuta, yana ɗaura su a jikin keke. Mafarin babur ɗin Honda ke nan. A 1948 aka kafa kamfanin da wannan suna.

Ka ga tun asali ɗan babur ne. Super Cub ɗin da ya fitar a 1958, uwar duk wani roba-roba da kuke gani a gari, zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Mota kuwa sai 1963 ya fara, da wata 'yar akori-kura. Civic ta fito a 1972, shekara na zagayowa Larabawa suka riƙe man fetur, farashi ya yi sama, Amurkawa masu manyan motoci suka shiga neman 'yar ƙarama mara shan mai ido rufe. Accord ta biyo a 1976, a 1982 suka fara haɗa ta a jihar Ohayo ta Amurka, su ne kamfanin Japan na farko da ya ƙera mota a can. Kafin tsohon ya rasu a 1991 sai da ya ga Accord ta zama motar da ta fi kowace ciniki a Amurka. Shi ya sa DC ɗin da kake magana, in ka duba lambar shasinta, da wuya in ba haihuwar Amurka ba ce, sunan ne kawai na Japan.

Mu nan kuwa da babur muka fara saninsu, su Benly da CG 125. A 1979 suka kafa kamfaninsu na Najeriya, mai haɗa babur a Ota, jihar Ogun. Mota a lokacin Fijo ce, 504 ta Kaduna, ita ce ta gwamnati ita ce ta ɗan kasuwa. Da naira ta faɗi bayan 1986 sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai aka koma 'yan Kwatano. A nan ne muka shiga raɗa wa Accord suna kamar 'ya'yanmu: Hala, Bulldog, Baby Boy, sai ta 2003 da aka ce mata End of Discussion, wato magana ta ƙare. Da suka ɗan sauya mata fitilun baya a 2006 sai aka ce a'a, ashe da sauran magana, Discussion Continues, taka ke nan. Ta 2008 kuma mu nan Anakonda muke cewa, mutanen Kudu su ce Evil Spirit. Ni dai ban ga dalilin da mutum zai sa kuɗinsa ya sayi abu ya kira shi aljani ba, amma shi ke nan.

Af, muryar za ta yanke. Bari in sake dannawa.

Yauwa, muna ji? To yanzu ga zancen ƙafa.

Tawa ta biyu Baby Boy ce, ruwan toka. Wata damina ta fara wani ɗan kuka in na karya sitiyari, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar tsohon ƙyauren langa-langa. In na faɗa rami kuma sai in ji ƙwas daga ƙasa ta hannun direba. Wallahi sati uku ina jin kukan nan, sai in ƙara muryar rediyo. Da abin ya ishe ni, maimakon in je wajen bakanikena na kullum, sai na tsaya wajen wani yaro a bakin hanya don ina sauri. Ya ce boljoyin ne, wato ƙwallon ƙarfen da ke haɗa ɓangaren taya da hannun ƙafar mota, akwai na tsada akwai na araha. Na ce sa na arahar. Ina tsaye ya ɗora abin nan ya dinga dukansa da guduma har ya shiga, robar da ke rufe da shi ta ɗan tsage a gefe, na gani da idona, na ce ba komai.

Ba a yi wata biyu ba, ran wata Juma'a na ɗebi uwargida da ƙawayenta uku za mu kai su gidan biki, an sha lalle an sha turare, but cike da kulolin abinci. Muna shan kwanar wani shataletale, tafiyar ma ba ta kai ta mai keke ba, sai ji na yi gaban motar ya yi ƙasa, gurrr. Ta durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Na fito na ga taya ta kwanta ta shige cikin bodi, shaf ya zare, man giya yana bin kwalta ja wur. 'Yan adaidaita suna wucewa suna cewa sannu Alhaji, ta yi halin nata. Uwargida ba ta ce mini uffan ba, ta tare wa ƙawayenta adaidaita suka wuce da kulolinsu, ni aka bar ni da rana da 'yan kallo. Shirun nan nata ya fi mini ciwo a kan kuɗin gyaran.

To laifin wa? Mota ta yi mini magana sati uku na toshe kunne, na sa mata kayan banza, aka daka shi da guduma a gabana. Ban isa in ɗora wa kowa ba.

Ga yadda abin yake, kamar yadda bakanikena ya zana mini a ƙasa da tsinke. A irin waɗannan Accord ɗin, tun daga Hala har zuwa Anakonda, ƙafar gaba hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa. Shokozoba a kan hannun ƙasa yake zaune, lowa-am ɗin nan. Nauyin mota yana danna hannun ƙasa, taya kuma tana tura nata ɓangaren sama, abin da ya riƙe su biyun shi ne boljoyin. Wato kullum cikin jan sa ake, kamar mutum biyu suna jan igiya. Muddin da giris a ciki kuma robar tana rufe, zai yi shekaru. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: roba na fashewa ruwan damina da yashi su shiga, su cinye ƙwallon a hankali, ran da ya gama cinyewa sai ya fice fit. A Corolla kuwa nauyin ta kan shokozoba yake sauka kai tsaye, boljoyin ɗinta rakiya kawai yake yi, shi ya sa ko ya lalace sai ya yi ta ƙara yana tafiya. Su Honda sun yi nasu tsarin ne don mota ta kwanta a kwana, kuma duk wanda ya tuƙa ta zuwa Kaduna ya san daɗin da nake nufi. Daga ta 2013 ma sun sauya, sun koma irin ƙafar su Corolla.

Saboda haka in ka saya, kafin ka kai ta gida a yi mata addu'a, ka wuce kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da bakaniken da ka yarda da shi, a sayi boljoyin biyu masu kyau a sauya duka, ko mai motar ya rantse maka jiya ya sa. A matsa shi da abin matsawa, kar a daka. Duk juyen baƙin mai ka ce a leƙa robar. Minti biyu ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro a motar hannu ma ba ƙafa ba ne, giya ce. Giyar Honda ta otomatik ba ta shan kowane jan mai, nata take so, DW-1 ake rubutawa a jikin robar. Sitiyarinta ma haka, da nasa man daban. Ran da za ka gwada ta, ka zaro sandar man giya ka goga a farin ƙyalle ka shinshina. In ya yi baƙi yana ƙauri, ka yi musu sallama. Kuma kar ka yarda da zagayen layi ɗaya, ka hau titi sosai har ta yi zafi, ka ji yadda take shiga ta biyu da ta uku. In tana jinkiri sannan ta fizga, akwai magana. Gara ma da ka ce mai fulogi huɗu ce. Masu shidan na 2003 da 2004 su ne kamfanin da kansa ya kira a dawo da su a Amurka saboda giya, ga shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda gidan mai yake. Injin naka 2.4 ne, sarƙa gare shi ba bel ba, in bai rasa mai ba sai ka gaji da shi.

Ka je da sassafe, kafin a tayar da ita. Dillali in ya san za ka zo, zai ɗumama ta tun kana hanya, duk wani kukan sanyi ya ɓuya. Ka taɓa bonet, in da ɗumi ka ce gobe ka dawo. Ka duba ko fanka tana tashi tare da kunna mota alhali esi a kashe yake, in haka ne an haɗa ta kai tsaye, wataƙila an cire tamostat mai daidaita zafin inji, wato ta taɓa yin zafi ke nan ko kuma an faɗa hannun masu gyaran gangan. Ka leƙa salansa ka ga ko an yashe indomin, wato abin nan mai tace hayaƙi da ke ciki. Sannan ka ba yaran nan masu iya waya lambar shasin su duba maka a intanet, ko ta taɓa yin babban haɗari, da kuma zancen balan-balan ɗin sitiyari mai kare direba in an yi haɗari, na kamfanin Takata, da aka yi ta kiran motoci a kansa, don Accord ta waɗannan shekarun tana ciki.

Su kuma abokan naka ban ce ƙarya suke ba. Corolla jaka ce, a doke ta a hana ta abinci ta kai ka gida, kuma ran da ka tashi sayarwa kafin la'asar an biya ka. Honda in za ka sayar sai an ja maka rai an taya a wulaƙance, saboda wannan tsoron dai da aka ba ka. Amma shi ne kuma ya sa kuɗinka ya kai gare ta yau, ga faɗi, ga sanyin esi, ga ƙarfi a hanya. In ka san kai mutum ne da sai mota ta tsaya cak kake tuna hanyar gareji, ko kuma za ka bar wa direba ko ƙannenka su yi ta fafara da ita, to ka bi shawararsu ka ci gaba da tari. In kuwa za ka riƙa kashe rediyo lokaci-lokaci kana sauraronta, saya. Ta ukun da nake ciki yanzu End of Discussion ce, shekara tara ke nan, sau biyu na sauya mata boljoyin da kaina tun kafin ta nema, ba ta taɓa kwana a titi ba.

Ran Asabar ina gida har azahar. Ka ce wa dillalin kar ya tayar da ita, ka biyo ka ɗauke ni da ƙarfe bakwai mu je tare, zan kira bakanikena ya same mu can da jak ɗinsa. Ka taho da farin ƙyalle. Admin kuma a yi haƙuri, na cika muku waya. Sai da safe.