Tsagewar dubura: likita ya tura ni wurin nas, raina ciwon ya yi?

Tambaya: Wata biyu ke nan in na shiga bayi sai in ji kamar ana yanka ni da reza, ga ɗan jan jini, zugin kuma ya ɗauki sa'o'i. Maganin basir na gargajiya bai yi min komai ba. Likita ya ce tsagewa ce, ya haɗa ni da nas. Ba aiki ya kamata a yi min ba?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Bai raina ba. Wannan ba basir ba ne, ko da yake masu tallar magani da lasifika duk basir suke kiransa. Fatar bakin dubura ce ta tsage, galibi saboda taurin bayan gida. Zafin sai ya sa tsokar wurin ta ɗaure, jinin da ke zuwa wurin ya ragu, ciwon ya ƙi warkewa. Kai kuma tsoro ya sa ka riƙe bayan gida, ya ƙara tauri, ya sake yage wurin. Tunda ya wuce mako 6, ya shiga sahun wanda ya daɗe.

Warkewar irin wannan bibiya take so, shi ya sa a wasu asibitocin Ingila ma nas-nas ke riƙe da masu wannan ciwo. Nas ɗin za ta fara da laushin bayan gida: ruwa sosai, zogale, kuɓewa, wake, gwanda, da lactulose (maganin sha mai tausasa bayan gida) in da buƙata. Ka riƙa zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15. Ka guji tramadol da kodin, don busar da ciki suke yi.

Sai man shafawa mai sassauta tsokar wurin, GTN ko diltiazem, sau biyu a rana har mako 6 zuwa 8. Nan mutane ke gazawa. GTN na sa ciwon kai, sai mutum ya watsar, ko zafi ya lafa a mako na biyu ya ce ya warke. Nas ce za ta nuna maka yawan da za ka lakata, ta canza maka in ciwon kan ya matsa. Kada ka ji nauyin gaya mata in kana shan Viagra (maganin ƙarfin maza), don haɗuwarsa da GTN na sa awon jini ya faɗi ƙasa sosai.

In ya ƙi, ita za ta mayar da kai ga likita don allurar Botox mai sassauta tsoka ko ƙaramin aiki. Amma in ka ga baƙin bayan gida, mugunya, zazzaɓi ko rama, koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba.