Tambayi Likita: Allurar Baya Ce Ke Jawo Ciwon Baya?

Wasiƙun da suka taru a wannan watan yawancinsu a kan allurar kashe sashen jiki ne kafin tiyata. Da yake aikina ke nan na kullum a ɗakin tiyata, na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Maiɗakina tana da cikin wata 8, an ce ɗan a gicciye yake, aiki za a yi mata, kuma da allurar baya. Mahaifiyarta ta tada hankalinta, ta ce maƙwabciyarta tun da aka yi mata wannan allura ba ta rabu da ciwon baya ba, wai har akwai waɗanda ƙafafunsu suka shanye. Ba gara a sa ta barci gaba ɗaya ba? Daga wani magidanci a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya raba su lafiya. Da ƙanwata ce, allurar bayan zan zaɓa mata.

Sa mai ciki barci ba ƙaramin abu ba ne. Ɗa ya tokare tumbinta daga ƙasa, bakin tumbin ya saki, abin da ke ciki yana saurin hawowa, in ya faɗa huhu kuwa an shiga matsala. Dole mu zura mata roba a maƙogwaro don na'ura ta yi mata numfashi, ga hanyar iskar mai ciki takan ɗan kumbura, ga iskar jikinta tana ƙarewa da wuri. Maganin barcin kuma yana ratsawa ya kai ga jariri. Da allurar baya ita ke numfashi da kanta, da kunnenta za ta ji kukan ɗanta na farko.

Ga yadda ake yi. Za ta zauna a bakin gado ta rungume matashi, ta sunkuyar da kai, ta saki kafaɗu, ta turo bayanta waje. Ni ina bayanta, in laluba saman ƙasusuwan ƙugunta biyu, daidai tsakaninsu in sami gurbin da nake so tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya. In wanke wurin da magani mai sanyi, in kashe fatar da 'yar ƙaramar allura, sannan in shiga da doguwar, wadda siririya ce ƙwarai. Da na ga ɗigon ruwa garai-garai ya leƙo a gindin allurar, na san na iso. Maganin da nake turawa bai fi mililita 2 zuwa 2 da rabi ba, ko cokalin shayi bai cika ba. Za ta fara jin ɗumi a mazaunai da ƙafafu, sai nauyi, cikin minti 5 in na ce ta ɗaga ƙafa sai ta kasa. Ba na barin likitan tiyata ya taɓa ta sai na bi jikinta da auduga mai sanyi daga cinya har ƙirji ina tambaya, "Nan fa, kina jin sanyi?" A gaya mata tun yanzu: za ta ji ana ja, ana dannawa, musamman lokacin ciro ɗan. Zafin yanka ne ba za ta ji ba. Bayan awa 2 zuwa 4 ƙafafu su dawo.

Maganar shanyewa kuwa, laka ba ta kai ƙarshen baya ba. A jikin babban mutum tana tsayawa ne a wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙashin ƙugu, mu kuma a ƙasa da nan muke shiga. Abin da ke wurin zararan jijiyoyi ne suna lilo a ruwa kamar gashin jelar doki, allura na zuwa sai su kauce. Shanyewa ta dindindin abu ce mai wuyar aukuwa ƙwarai, kuma in ta auku yawanci jini ne ya taru ya danne jijiya, ko ƙwayar cuta ta shiga. Shi ya sa muke tambayar ko jininta yana daskarewa daidai, muke gwada shi in tana da hawan jinin masu ciki, kuma ba ma huda fatar da ke da ƙurji. Idan awa 4 ta wuce ƙafa ko motsi babu, ko ta dawo ta sake mutuwa, a kira nas nan take, kada a jira zagayen safe.

Abin da ya fi faruwa daban ne da abin da mutane ke tsoro: jini ya sauka, zuciya ta tashi, jiki ya ɗauki makyarkyata. Duk mun san da zuwansu. Ƙarin ruwa na tafiya, maganin ɗaga jini yana cikin sirinji a hannuna, gadon kuma mun ɗan karkata shi hagu don nauyin mahaifa ya sauka daga kan manyan hanyoyin jini.

Saura ciwon baya. Wurin hudar yakan yi tsami na 'yan kwanaki, wannan gaskiya ne. Amma da aka bi matan da aka yi wa allura a baya da waɗanda ba a yi wa ba tsawon watanni, ba a ga bambanci a ciwon baya mai daɗewa ba. Ciki da kansa yana sassauta gaɓoɓi, naman mara ya saki, sai goyo, sai wanki a duƙe, sai shara da guntuwar tsintsiya tun ba a yi arba'in ba. Mata nawa ne suka haihu a ɗaki, ba su taɓa ganin allurar ba, bayansu na ciwo? Ita dai allura ita ake tunawa, sai a ɗora mata laifi. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, tun shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk ya yi ta ɗinke matan da ke fama da yoyon fitsari, da wannan allurar ake yi musu aikin, su warke su koma gida da ƙafafunsu.

Shawarata, ranar awo ka tafi da Hajiya ta ji daga bakin mai yin allurar. Ta fi yarda da shi a kan saƙon da suruki ya kawo.

Tambaya: Likita, kwana 2 bayan an yi mini aiki na fara ciwon kai mai tsanani har wuya. In na kwanta ya lafa, in na tashi ba yaro nono ya dawo. A gida ana cewa iska ce. Daga wata maijego a Maraɗi.

Amsa: Barka da sauka 'yar uwa, Allah ya raya. Ba iska ba ce. Ruwan da ƙwaƙwalwa ke zaune a cikinsa ne yake ɗan tsiyaya ta hudar allurar bayan da aka yi miki, in kin miƙe sai ƙwaƙwalwa ta ɗan sauko ta ja abin da ke riƙe da ita. Mutumin da ya fara yin wannan allura, August Bier, a birnin Kiel na Jamus a 1898, ya sa mataimakinsa ya gwada masa ita a baya, shi Bier ɗin ma ciwon kan nan ya kwantar da shi kwana 9. Alluran yanzu sun fi siranta, masu kyawun ma bakinsu ba ya yanka, buɗa zaren tantanin da ke riƙe da ruwan yake yi, don haka abin ya ragu sosai.

Ki kwanta gwargwadon iko, ki ba da nonon a kwance ta gefe, ki sha ruwa, ki sha farasitamol, kofi ɗaya ko biyu na shayi mai ƙarfi yana taimakawa. Yawanci cikin mako 1 zuwa 2 yake tafiya, mai yiwuwa ma kafin mujallar nan ta iso hannunki. In ya ƙi, ana ɗibar jininki mililita 15 zuwa 20 a zuba kusa da hudar ya daskare ya toshe ta. Amma in akwai zazzaɓi, ko gani ya dushe, ko jijjiga, ko ciwon ya daina lafawa a kwance, ki koma asibiti a ranar a auna jininki, don hawan jini yana iya tasowa bayan haihuwa.

Tambaya: Anti Likita, ni ɗan acaɓa ne, na karye a hannu, za a sa mini ƙarfe. Sun ce hannun kawai za su kashe ina farke. Tsoro nake ji. Kuma gaskiya ina shan tiramol kullum, abokaina sun ce allurar ba za ta kama ni ba. Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba ka lafiya, kuma ka kyauta da ka faɗi gaskiya. Ita za ka maimaita wa mai yi maka allurar, har da guda nawa kake sha a rana.

Jijiyoyin hannu duka daga wuya suke fitowa a dunƙule, su bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya su ratsa hammata. Sai mu ɗora na'urar sikanin a saman ƙashin ko a hammatar, muna kallon jijiyoyin da bakin allura a allo, mu zuba magani ya kewaye su. Minti 20 zuwa 30 hannun ya zama kamar ba naka ba. Za a sa labule tsakaninka da aikin, in ƙarar na'urar huda ƙashi ta dame ka a ba ka abin da zai sa ka gyangyaɗi. In ana cikin yin allurar ka ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko leɓe na sagewa, ko kunne na ƙara, yi magana maza, alamar magani ya shiga jini ne, kuma muna da abin da muke yi.

Abokanka ba su yi daidai ba. Wannan maganin a kan jijiyar yake tare saƙon zafi, ba ruwansa da hanyar da tiramol ke bi, zai kama ka. Inda tiramol zai ba mu wahala shi ne bayan aiki: magungunan zafi irinsa ba za su yi maka tasiri yadda ya kamata ba, yankewa farat ɗaya za ta jigata ka, yawansa kuma yana kawo farfaɗiya. Hasali ma mai shan sa irinka ne ya fi cin ribar kashe hannun.

Yakan kai awa 8 zuwa 18 a mace, ya danganta da maganin. A wannan tsakanin ka rataye shi, kada ka kwanta a kansa, kada ka matsa kusa da murhu, don zai ƙone ba ka sani ba. Da ka fara jin tsira-tsira a yatsu ka sha maganin da aka rubuta maka, kada ka jira zafi ya tashe ka tsakar dare. Kuma ko da farke za ka kasance, ka bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla awa 2, saboda wani lokaci allurar ba ta gama kamawa sai an sa mutum barci.

Tambaya: Mahaifina za a yi wa aikin gwaiwa da allurar baya, yana shan maganin tsinka jini saboda zuciya. Ya daina? Daga wata ɗiyarsa a Gusau.

Amsa: Kada Baba ya daina da kansa, kuma kada a yi masa allurar ba a san yana sha ba. Maganin tsinka jini irin wafarin akan tsayar da shi kamar kwana 5 a sake gwada jini, ƙaramar asfirin kuwa yawanci ba ta hana allurar. Likitan zuciyarsa da mai allurar ne za su yanke tare. Ki tattara kwalayen magungunansa duka a leda, har da na gargajiyar da yake jiƙawa, ki kai musu aƙalla mako guda kafin ranar aikin.