In sayi abin matse katako na kanti, ko in haɗa nawa?

Tambaya: Malam, ina koyon kafinta a unguwar Garin Malam, Damagaram. Tebur ɗina ba shi da abin matse katako, in zan yi yanka sai yaro ya danne mini. Na ƙarfe da na taya a Kasuwar Dole ya fi ƙarfin aljihuna. In ci bashi in saya?

Amsa: Ƙanena, kada ka ci bashi. Yawancin na ƙarfen nan don makanikai da masu walda aka ƙera su, haƙoransu suna barin tabo a jikin katako. Haɗa naka.

Je wajen masu gwangwan ka nemi tsohon jak na ƙaramar mota, irin mai buɗewa kamar almakashi. Dogon ƙarfen tsakiyarsa da notinsa kake so. Zarensa, wato tsagin da noti ke bi a jikin ƙarfen, mai kauri ne, an yi shi don ɗaga mota, ba ya saurin cinyewa. In ba ka samu ba, sayi ƙarfe mai zare mai kaurin milimita 20, sai dai shi milimita 2 da rabi yake tafiya a kowane juyi, za ka sha murɗi. Mai walda ya liƙa maka hannu a kansa, ya liƙa notin a kan falle na ƙarfe da za ka ɗaure a bayan gefen tebur.

Wajen katakon da zai zama bakin abin matsewar, kada ka yi ƙwauro. Farin katako mai taushi zai tsage a bakin rami tun aiki bai yi nisa ba. Nemi maɗaci busasshe mai kaurin santimita 5. Ramin da ƙarfen zai ratsa ya fi shi faɗi da milimita 2, ka sa washa mai faɗi, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, tsakanin hannu da katako. Sanda biyu a gefe da gefe za su hana bakin abin matsewar karkacewa.

Sannan ka bi ta wajen dukawa ka roƙi guntayen fata, mu Damagaram ba ma rasa su. Manna su a cikin bakin, za ka ga ya riƙe katako gam ba tare da ka murɗa da ƙarfi ba. Kada ka shafa wa zaren giris, ƙurar hunturu za ta manne ta riƙa cin ƙarfen. Goga masa kyandir, ya isa.