Amsa ga mai son tsayawa kansila a Damagaram

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari muryarka, ka ce kana sha'awar siyasa, kana tambaya ko mutum na iya farawa daga kansila har ya kai gwamna kamar yadda ake yi a Kano. To tsaya ka ji, tsarinmu daban ne. Nan Nijar gwamna ba zaɓensa ake ba, daga Yamai ake naɗo shi. Abin da talaka ke zaɓe a ƙasa, kafin a rusa su a 2024, shi ne majalisar gari da majalisar jiha. Zaɓen ƙananan hukumomi da ya kafa majalisun gari an yi shi a 2004, majalisun jiha kuma sai 2011.

Kuma ba sunanka kaɗai za a jefa wa ƙuri'a ba, jerin jam'iyya ne. In suna tara ne a jerin, kai kana na takwas, to wallahi wahalar banza za ka sha. Kokawar farko cikin jam'iyya take. Bayan zaɓe, kansiloli ne ke zama su fitar da magajin gari a tsakaninsu, nan ne ake ƙulle-ƙullen dare. Sarakuna na zama a majalisar, ana jin shawararsu, amma ba su jefa ƙuri'a.

Za ka ce ai Nafarko, wato Mahamane Ousmane, bai bi ta nan ba. Gaskiya ne. Mahamane Ousmane ya ci shugabancin ƙasa a 1993 da jam'iyyar CDS Rahama, sojoji suka kifar da shi a Janairun 1996, ya dawo ya shugabanci majalisar dokoki daga 1999 zuwa 2009. Amma wancan zamanin taron ƙasa ne, wanda ya share hanyar dimokuraɗiyya, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Irin wannan ba ya maimaituwa kullum.

Yanzu ma ka sani, tun Afrilun 2024 an rusa majalisun nan, kantomomi ne ke riƙe da garuruwa. To kada ka zauna jiran ranar zaɓe. Abin da ya fi damuna, ƙanena, ruwa ne. Je unguwar Garin Malam ko Kara-Kara cikin watan bazara, da asuba, ka ga jarkoki jere a bakin famfo, mata zaune bisa su tun tsakar dare, ɗan garuwa na ƙara kuɗi kullum. An jawo ruwa daga Gogo, an jawo daga Arunguza, an ƙara da Ganaram, har yau gari bai ƙoshi ba. Kansila ba shi ke haƙa rijiyoyin ba, na sani, amma shi ya kamata ya san wace unguwa ce ruwa bai je ba kwana nawa, ya kai maganar inda ta dace, ya nace har a gaji da shi.

Ka fara da unguwarku. Ka shiga kwamitin famfo, ka bi iyaye su yi wa yara takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari, ka koyi karanta kasafin kuɗin gari. In ka shigo Birni ranar Juma'a ka biyo gida bayan la'asar, mu ƙarasa maganar jerin sunayen nan. A gaida su Hajiya.